Hoton da Na Sa a Koren Fayil

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Sufurin Alhazai, ofishin Kudai, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara wa aiki albarka.

Ranka ya daɗe, sunana Usman, ɗan unguwar Mansur. Shekara ashirin da bakwai ina tuƙa bas a kamfaninka kafin ciwon baya ya sauke ni. A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa bai koma ba. Na rubuto da Hausa ne don an ce kana jinta tun zamanin da mahaifinka yake muɗawwifi, mai jagorantar alhazan Najeriya, kuma ni in raina ya ɓaci Larabcina guduwa yake yi. Na buɗe wasiƙar ga jama'a saboda sau uku ina zuwa ofis ana ce mini kana taro. Maganar 'yata Rukayya ce.

Na farko, bari in gabatar da ita. Rukayya ta taso tana jin labarin cunkoson da muke sha daga Arfa zuwa Muzdalifa, yadda bas ke tsayawa wuri ɗaya tsofaffi na galabaita a bayana ba ni da yadda zan yi. Tun tana 'yar firamare take zana hanyoyi a bayan kwali tana cewa ita za ta gyara mini. Da ta samu gurbin karatu a Amurka, injiniyan hanyoyi ta karanta, ta kuma zaɓi wata jami'a daga cikin waɗanda baƙar fatan ƙasar suka gada tun lokacin da aka hana su shiga makarantun Turawa. Yau kowa na shiga, har Turawa na koyarwa a can, amma yawancin ɗalibai da malamai kalar fatarmu ne.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ban so ba da farko. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yayana Alhaji Sale ya ce a gaban mutane, "Ya Usman, yarinya ta tsallaka teku ta ƙare a makarantar bayi? Ta Turawan ce ba ta samu ba?" Na yi dariyar yaƙe, na dawo gida na tsare ta da tambaya. Abin da ta ce mini har gobe yana kunnena. Ta ce, "Ya Baba, tun ina aji ɗaya ni ce takruniyyar aji, baƙar nan 'yar asalin Afirka. In na ci jarrabawa a yi mamaki, in na faɗi a ce dama. Ina so sau ɗaya in zauna inda babu mai mamakina." Daga nan na sa mata albarka ta tafi.

Shekara biyar ta yi. Ta dawo da takardar shahadar digiri mai daraja ta sama, hukumar da ke tantance takardun waje ta buga mata hatimi ba tare da wata jayayya ba.

Na biyu, yadda abin ya faru. A watan Rajab kamfaninka ya nemi injiniyan tsara zirga-zirgar motoci. Ta nema, ta zauna jarrabawar rubutu, aka kira ta aka ce tana cikin ukun farko. Ta yi ganawa da mutanen ofishin Kudai, suka rabu ana murmushi. Saura mataki ɗaya: a kai takardun asali, a tura wa babban daraktan ayyuka da ke Jidda ya sa hannu.

A nan nawa laifin ya shigo, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce ta bari ni in kai, ai gidana ne, masu gadi ma sun san ni. Ka san al'adarmu, ba a neman aiki a ƙasar nan sai da koren fayil ɗin nan da muke kira malaf, kuma a zamaninmu malaf mai kauri shi ne mai kwarjini. Har takardar yabon da aka ba ni ta tuƙi ba haɗari sai da na taɓa cusa wa ɗan ƙanena a nasa. Da na ɗaga na Rukayya sai na ji shi shafal. Na ɗaga kai na ga hoton ranar yaye su a bangon falo: ɗalibai cike da fili cikin riguna da huluna, shugaban jami'ar da malamai a gaba, kusan duk baƙaƙe, ita kuma a layi na biyu da ɗankwalinta a ƙarƙashin hular. A bayan hoton abokan karatunta sun sa hannu, malaminta ya rubuta mata addu'a. Na zare shi daga gilashinsa na sa a tsakiyar malaf ɗin. A raina cewa nake, bari su ga irin taron da aka yi wa 'yata. Garin neman gira na rasa ido.

Magatakarda ya ɗauki hoton duk abin da ke ciki ya tura Jidda. Bayan kwana tara saƙo ya shigo wayarta, layi biyu: an gode, an zaɓi wani.

Na uku, abin da aka faɗa a ɗakin. Wani da ya halarci taron da aka yi na zaɓen wanda za a ɗauka, wanda ba zan ambaci sunansa ba ko za a yanka ni, ya same ni a ƙofar masallaci bayan La'asar ya riƙe hannuna. Ya ce daraktan, Bature ɗan Amurka, yana magana da su ta allon bango daga Jidda. Yana ta wuce takardu har ya zo kan hoton, sai ya tsaya, ya koma baya ya sake duba sunan makarantar. Ya ce ya san irin waɗannan makarantu, akwai ɗaya a garinsu, sun iya kiɗa da fareti ranar wasan ƙwallo, amma makinsu na tausayi ne. Ya ƙara da cewa ɗalibansu da ƙorafi suke fitowa, shi kuma ba ya son fitina a wurin aiki. Wani ya tuna masa sakamakon jarrabawarta, ya ce jarrabawa ɗaya ba ta nuna komai. Aka tambaye shi ko ya taɓa shiga ta garin nasu, ya ce bai taɓa samun dalili ba. Mutumin ya ce mini, "Ma'alesh ya Ammi, yi haƙuri Baba, wallahi mun yi magana, amma shi ne mudir, shi ke da wuƙa da nama."

Ranka ya daɗe, ban zargi mutumin nan da addininsa ba, ban kuma ce duk Bature haka yake ba. Malamin da ya rubuta wa Rukayya addu'a a bayan hoton ma Bature ne. Amma ka duba mini wannan: ya zauna gari ɗaya da makaranta bai taɓa leƙa ta ba, ya yanke mata hukunci. Bai taɓa tsayawa a tashar Kudai ranar takwas ga watan Zulhajji ya ga yadda motoci ke kullewa ba, shi ne kuma mai zaɓen wanda zai kwance su. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shi ji kawai ya yi, jin ma daga nesa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da ban sa hoton ba, wataƙila da ya sa hannu ya wuce. Wato shahadar ba ta da aibi sai da ya ga fuskokin waɗanda suka bayar da ita. Ilimin injiniya yana canja launi ne in baƙin malami ya koyar da shi? Ni na ɗauki alhazai farare da baƙaƙe cikin harami iri ɗaya shekara da shekaru, ban taɓa tambayar kowa launin malaminsa ba kafin in buɗe masa ƙofa.

Na huɗu, inda muke yanzu. Wani mai ba da shawarar neman aiki ya ce wa Rukayya ta riƙa rubuta sunan jihar kawai, ta sakaya sunan makarantar a ƙasa da ƙananan haruffa. Ta dawo ta zauna a kicin wajen mahaifiyarta ta ce, "Khalas ya Ummi, magana ta ƙare, ni ba zan ɓoye gidan da ya rene ni ba." Malaminta ya samo mata aiki a can Amurka, suna jiran amsarta kafin ƙarshen Shawwal. Jakarta tana kan kabad, na ga an sauke ta an goge ƙura. Ita kaɗai ce 'yarmu mace, mahaifiyarta ba ta da cikakkiyar lafiya, kuma yarinyar da ta yi karatu don hanyar Muzdalifa za ta je ta gyara wa wasu tasu. Tsoro nake ji, in ta tafi wannan karon ba za ta dawo ba.

Don haka ga roƙona.

Ɗaya, a sake duba takardun mutum ukun nan a rufe sunayen makarantunsu, a ba su matsalar hanya ta gaske daga aikinmu, kowa ya warware a gaban injiniyoyinka. In an fi ta, wallahi ni zan fara yi wa wanda ya ci murna. Ba alfarma nake nema ba, ban kuma ce a kori wanda aka ɗauka ba, shi ma ɗan wani ne.

Biyu, ka tambayi daraktanka a rubuce mene ne hujjarsa a kan waɗannan makarantu. In yana da ita ya kawo, in babu ya daina auna 'ya'yan mutane da labarin da ya ji a garinsu. Rukayya ba ita ce ta ƙarshe ba, akwai yaran unguwannin Mansur da Zahir da ke can yanzu suna karatu.

Uku, ko da ba za a yi mini ko ɗaya daga waɗannan ba, a dawo mini da hoton. An mayar da takardun asali amma shi ba ya ciki, magatakarda ya ce bai san inda ya shiga ba. Rukayya ta tambaye ni ina yake, na ce gilashin ne ya tsage na kai gyara. Wata biyu ke nan ina wannan ƙaryar, kullum ta wuce falo sai ta kalli ƙusar. Ba ta san abin da na yi ba, a wannan wasiƙar za ta fara ji. Rukayya, ki yafe wa babanki, alfahari da ke ne ya ja ni, kuma ko yau aka ba ni hoton zan nuna wa duniya.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka mashawarta na gari, ya jiƙan mahaifinka da ya yi wa baƙin Allah hidima bai duba fatarsu ba. Ya sa ka ga 'ya'yanka a kusa da kai ranar da ƙarfi ya ƙare. A sa wani ya duba aljihun teburan Kudai, don in Shawwal ya wuce ba a kira ta ba, hoton nan ne kaɗai zai rage mini a gidan.

Wassalam.

Naka tsohon direba,
Usman, unguwar Mansur, Makka.