Kukan Injin Fijo

Nima, Ankara, ƙasar Gana, 1983

Zuwa ga ƙanwata Ƙaltume a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Bayan haka, ɗanki Abdulai ya zo har gida ya karɓe makullin tasinki a hannuna, gaban mata da yara. Wai ina shanye mai. Ni! Rabin direbobin Nima da Mamobi ni na koya musu sa giya. Ba a duba allon mota, kunne ake sawa. Inji ya fara kuka, ka ba shi ta uku, ya sake, ka ba shi ta huɗu, ka ɗaga ƙafa daga totur. Da haka galan ɗaya ke kai ni har unguwar Malam ya dawo da ni. Yanzu da ake kwana biyu a layin mai, ni za a ce ina ɓarna? Mai rubuta mini ya ce in sassauta, na ce ya rubuta yadda na faɗa. Ni na goya ki lokacin da Inna ta rasu. Ki sa a dawo mini da makulli.

Yayanki, Mahama.

Kumasi

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara maka lafiya. Ba wanda ya ce ka saci mai. Abdulai ya zauna kusa da kai daga Nima zuwa Alajo, kana giya ta biyu tun daga farko har ƙarshe, inji yana ihu har masu sayar da waken bakin titi suna juyowa. Sau uku ya ce, "Kawu, canza," ba ka waiwaya ba. Matarka Memuna ta ce ladan ma sai ta taɓa ka kake sanin ya kira. Ka je asibiti a duba kunnen, ni zan ɗauki nauyi. Motar nan ita ke ciyar da gida biyu, Yaya. Ka yafe mini.

Ƙanwarka, Ƙaltume.

Nima

Ƙaltume,

Na gaishe ki. Kunnena ƙalau. Fetur ɗin bana ne ake gauraya shi da kananzir, ya kashe wa inji murya. Abdulai kuwa magana yake cikin haƙori kamar munafuki. Memuna ta ci amanata, zan yi da ita. Na ji kun ba Kadiri motar, yaron da ke taka kuloci kamar yana kirɓa fufu. Ba asibitin da zan je. Ki ba ni mako ɗaya kawai, ki auna tanki da kanki.

Mahama.

Nima

Ƙaltume,

Gaisuwa. Shiru ba amsa, to na gane. Jiya Kadiri ya kawo Fijon ƙofar gida don ya gaishe ni. Na ce ya tayar da ita in ji lafiyar injin. Na tsaya ina jira, har na daka masa tsawa, me yake jira? Ya ce, Baba, ai tun ɗazu take aiki.

Ku bar masa makullin. Ki gaida yara.

Yayanki, Mahama.