Makullin Ɗakinki Yana Greensboro

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Takwararki Ummi ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ta fara famfara, kuma har yau in na yi mata Hausa da Turanci take mayar mini.

Na san abin da za ki ce: me zan yi da takarda, ni da ban san baƙi ba? Ai da ma Yaya Mamman ne ke karanta miki wasiƙuna a tsakar gida, da ƙarfinsa, maƙwabta na leƙe ta katanga suna sa baki. To wannan ma haka za a yi. Duk mai son ji ya matso.

Maganar ɗakinki ce ta kawo ni.

Bayan sadakar arba'in ɗinki a Gaya an raba gona, an raba awaki, ban ce uffan ba. Da aka zo kan ɗakinki sai na tsaya a bakin ƙofa na ce wannan kam a bar shi yadda kika bar shi. Gadonki a shimfiɗe, jeren kwalla da tasoshi a jikin bango, butarki, takalmanki, da 'yar rumfar murhun da ke gaban ɗakin, duk ƙofa ɗaya ce ke rufe su. Yaya ya dube ni ya ga idona, sai ya ƙyale ni. Na sayi kwaɗo a kasuwa na datse, na jefa makullin a jaka, na hau jirgi da shi. Tun daga ranar ba wanda ya shiga.

Daminar bana kogi ya cika ya tumbatsa, ya ci unguwar bakin ruwa. Gidan ƙanwarki Iya Dije na cikin waɗanda suka rushe. Ta dawo gidanmu da jikokinta biyu, kuma a zaure suke kwana, an rataya musu tabarma saboda maza masu wucewa. Yaya ne ya gaya mini a waya. Bai roƙe ni komai ba, kin san shi da zurfin ciki. Ya dai ce sanyi ya fara sauka. Wani satin na ce a gina mata sabon ɗaki, ya ce ina filin yake a gidan? Da aka ba Iya Dije wayar kuwa, cewa ta yi lafiya lau suke, zauren ma akwai iska, ina Ummi.

Na ce zan yi tunani, Inna. Na daɗe ina tunanin.

Ana nan sai lakwal ɗin su Ummi suka shirya kai yara yawon buɗe ido, aka nemi iyayen da za su raka su. Na ba da sunana ban ma tambayi inda za a je ba. Sai da motar ta bar babban titi na ga kogi ta taga, sannan na gane. Ƙauyen nan ne da muka taɓa kai ki.

Kin tuna ai. Shekarar da kika zo yi mini wankan jegon Ummi, muna bene a gidan haya na titin High Point. Kina wuni a taga kina ƙirga motoci. Kin ce garin nan ba zakara, ba turmi, ba mai sallama, ta yaya mutum zai san gari ya waye? Ranar da kika kunna mini turaren wuta na jego, abin jin hayaƙin nan na silin ya ɓarke da ƙara, kika ɗauki jaririya kika yi waje ba ɗankwali. Daga ranar kika daina taɓa komai a gidan. Ni kuwa burina ki zauna da mu har abada, Abban Ummi ma har ya fara tambayar yadda ake ƙara wa baƙo kwanaki.

Shi ya kawo shawarar a fita da ke ki sha iska. Ya ce akwai wani ƙauye a bakin kogi da aka mayar yadda yake a zamanin Turawan farko, waɗanda suka sari daji suka zauna. Ɗakuna na gungumen itace, maƙera, rijiya, injin niƙa da ruwan kogi ke juyawa, da tsohon jirgin fito a ɗaure a gaɓa. Ma'aikata na saka tufafin mutanen da, suna aikin mutanen da, jama'a na biyan kuɗin shiga su kalla. A mota na yi miki wannan bayanin, kika ce to, amma na san bai shiga ba.

Muna sauka kika ja numfashi kika ce hayaƙin itace. Tun zuwanki ƙasar nan ban ga kin yi sauri irin na ranar ba, ga Ummi goye a bayanki.

A ƙofar gidan farko kika cire takalmi kika yi sallama. Kika sake yi. Turawa na raɓa ki suna shiga da takalmansu. Da muka shiga sai ga igiya an gitta a tsakiyar ɗaki, a bayanta gado a gyare, shimfiɗar jariri, kwanuka a jere, takalman wani mutum a gindin gado. Gida na biyu haka, na uku haka. Kika ja hannuna kika rage murya kika tambaye ni ko annoba aka yi a garin.

Na ce a'a, masu kayan sun daɗe da mutuwa, an ajiye ne don tarihi. Kika daɗe kina duban kwanukan nan, sannan kika ce: “Allah sarki, ashe ba su bar magada ba.” Ni da Abban Ummi muka yi ta dariya, har ya ce sai ya ba abokansa labari a masallaci.

A bayan babban gida akwai madafa. Wata mata baƙar fata, kakkaura, da doguwar riga da ɗankwali, tana durƙushe gaban murhu tana dama garin masara a tukunyar ƙarfe. Kika gaishe ta da Hausa, ba ta ji ba, kika juya Zabarmanci, ta yi ta murmushi. Kafin in ankara kin ɗaga igiyar kin shiga. Kin karɓi muciyar daga hannunta, kin gyara zaman itacen, kina tuƙi kina ba ta labarin yadda masara ta yi tsada a Gaya, ita kuma tana ba ki nata da Turanci. Ba mai jin wata, amma hira ta yi daɗi. Masu kallo suka taru suna ɗaukar hoto, sun zaci ke ma ma'aikaciya ce. Ni kunya ta kama ni, ke ko a jikinki. Ranar na ga dariyarki har da wushiryar, na ce a raina shi ke nan, Inna ta samu wurin zuwa, za ta zauna.

Da tuwon ya nuna kika nemi kwanuka a zuba wa yaran da ke tsaye. Matar ta ce doka ta hana a ba masu kallo, na gwaji ne, zubarwa ake yi. Na daɗe ina neman yadda zan juya miki wannan da Hausa. Da na faɗa, kika ajiye muciyar a hankali, kika goge hannu a zanenki.

La'asar ta yi, aka kaɗa ƙararrawar tashi. Matar ta ɗauko bokitin ruwa za ta sheƙa wa murhun. Kika riƙe wuyan hannunta. Kika nuna mata toka, kika nuna yadda ake jawo ta a rufe garwashi ya kwana. Kika juyo gare ni kika ce: “Tambaye ta, in ta kashe, wa zai ɗebi wuta da safe?”

Na tambaye ta. Ta ce ba kowa, ba mai kwana a garin, gobe da ashana za ta kunna. Ta ba ki haƙuri ta zuba ruwan. Muna tsaye ta cire ɗankwalin, ta zaro makullin motarta daga aljihun rigar mutanen da. Maƙerin ma ya wuce mu yana waya.

Muka kamo hanya har muka kusa Greensboro. Kika ce a nema miki jirgi, kin bar Dije ba mai ba ta wuta. Na san al'adarku, tun ina yarinya kullum da sassafe Iya Dije ke tahowa daga bakin ruwa da tsingaro a hannu ta ɗebi garwashi a murhunki. Na ce haba Inna, Iya Dije ai tana da ashana. Kika ce: “Ashana ba ta gaya mata ko na kwana lafiya.”

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na ga kamar kin zaɓi murhu kin bar ni da ɗanyen goyo. Kika tafi, kuma ganinmu na ƙarshe ke nan.

To wannan karon, Inna, da na shiga gidan farkon nan da yara na guje-guje a bayana, ba abin da ya motsa. Gadon na nan da irin ninkin bargonsa. Takalman mutumin na nan inda suke, ɗaya ya ɗan karkace, kamar yadda muka gan shi Ummi na goye. Yarinyar da aka shigo da ita a baya ga ta nan tana karanta allon bayani da kanta, takalmin bai gusa ba. Na sunkuya ta saman igiyar na shaƙi ɗakin. Warin tsohon katako ne da maganin ƙwari. Ba warin mutum ko kaɗan.

Matar madafar tana nan, ta yi furfura. Ta dube ni ta dube ni, sai ta tambaye ni ina Mama. Na gaya mata. Ta ajiye abin da ke hannunta ta riƙe nawa, ta ce duk yamma in ta ɗaga bokitin nan sai ta ji hannunki a wuyan hannunta. Tana dai zubawa, don aikinta ne.

Na koma gidan farko ni kaɗai na tsaya gaban igiyar. Maganarki ta magada ta dawo mini, wannan karon ban yi dariya ba. Ke kin bar magada, ga ni. Kin bar ƙanwa tana kwana a zaure.

Bari in gaya miki abin da nake tsoro, don ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina tsoron ƙanshinki ya fita daga ɗakin. Ina tsoron jikokin Iya Dije su fasa tasoshinki, su jiƙa katifarki, a ɗauki butarki a kai bayan gida. Ina son a ce akwai wuri ɗaya a duniya da yake kamar yanzu kika fita unguwa. In aiki ya yi mini zafi, ko sanyin ƙasar nan ya shiga ƙashina, sai in taɓa makullin a jaka in ji sauƙi. Amma ɗakunan can ko banza ana buɗe su kullum, ana share su, yara na leƙawa. Naki ko mai leƙe bai samu ba. Ni da na kulle ma ban sake ganinsa ba.

Washegari kafin in tafi aiki na sayi kati na kira Yaya, can azahar ta yi. Ko gaisuwa ban gama ba na ce: “Yaya, a fasa kwaɗon.” Ya ce alhamdu lillahi. Ya ce da ma guduma na nan kusa, ya daɗe da sanin inda ya ajiye ta.

Shi ya ba ni labarin sauran. Gara ta ci ƙafar gadon guda da tabarmar sallarki. Ɓeraye sun yi gida cikin babbar kwalla. Ƙanshin da nake ta gadi daga nan, Yaya ya ce shi bai ji komai ba sai ƙura. Na yi kuka sosai da jin wannan.

Iya Dije kuwa ta ƙi shiga kai tsaye. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ta yi sallama, ta jira, ta sake yi. Sannan ta shiga ta zauna a ƙasa gaban takalmanki, aka bar ta ita kaɗai. Da ta fito sai ta nemi tsintsiya. Kayan an raba su yadda addini ya ce, nawa kason na ce a bar mata ta yi amfani da shi, wanda zai fashe ya fashe.

Jiya na sake kira, aka ba ta wayar. Ba ta yi mini godiya ba, kuma na ji daɗin hakan. Ta ce matar maƙwabcinmu ta leƙo da sassafe da tsingaro a hannu. Sai ta ce: “Rabi, na rufe ta da toka jiya. Ta kwana.”

Makullin yana nan wurina, na haɗa shi da na mota da na gida. Ba ya buɗe komai yanzu, amma ki bar mini shi.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki. Ya ba Iya Dije lafiya da tsawon rai a ɗakinki. Mu da ke nesa ya sa mu gama lafiya, ya mayar da mu gida, ya sada mu da ke a Aljanna. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Rabi