Na Goma a Addu'ar Baba

Melbourne, Agusta

Yaya Malka,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Ya yara, ya kewar Baba? Mu nan lafiya lau, sai sanyi.

Kin tambaya ko na samo namijin da zai riƙa karanta wa Baba Kadish, addu'ar mamaci, tunda bai bar ɗa namiji ba. Ban nemi kowa ba, Yaya, ni nake yi. Kin tuna yadda yakan kalle mu ya ce, "Idan na tafi wa zai tsaya mini?" Da dariya yake faɗa, amma ban taɓa jin wasa a ciki ba.

Kullum da sassafe ina majami'armu ta Yahudawa, ni kaɗai a bayan labulen mata. Kin san ba a yin addu'ar sai maza goma sun cika, shi ya sa nake ƙirga takalma ta ƙasan labule. Malaminmu ya amince in riƙa karantawa. Dattijo Zalman ne kawai ke gyaran murya da zarar na fara.

Mijina Ezra kuwa yana nan yadda kika san shi. Wai shi Yahudancinsa a shan miyar kazarmu ta gargajiya ya tsaya.

Ƙanwarki,
Devora

Melbourne, Yuni

Yaya Malka,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Jiya wata goma sha ɗayan da ake yi ana karanta Kadish suka cika, ranar ƙarshe ta addu'ar ke nan. Aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ƙirga maza, tara. Na sake ƙirgawa, tara.

Zalman ya matso jikin labule ya ce, "'Yata, sai haƙuri, ba mu cika ba."

Na ce, "Baba Zalman, ni kujera ce?"

Ya ce, "Ba ni na kafa dokar ba."

Na fita na kira Ezra a waya. Ya ce, "Haba Devora, kin san ni da majami'a ba ma ga-maciji." Na ce, "Ba imaninka nake so ba, malam, ƙafafunka nake so."

Sai ga shi jiƙe sharkaf, da gajeren wando da silifas, har hula sai da aka ara masa. Mutumin da ya yi shekaru yana musun addini da Baba a teburin cin abincin Asabar, shi aka ƙirga, ni da ban taɓa fashi ba aka tsallake ni. Abin ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi.

Amma a cikinsu babu mai makoki, kuma mai makoki ne ke karantawa, don haka da na buɗe baki muryata kaɗai ce a ɗakin. Maza goma suka yi tsit suna jirana, in na tsaya su amsa. Ezra ya amsa a inda ba a amsawa. Zalman bai yi gyaran murya ba, amin ɗinsa ma ya fi na kowa ƙarfi.

Yaya, an tsaya wa Baba.

Ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Devora