Na Ba Ɗiyata Lafiyar Takarda

Gwaggo Suwaibatu, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Da bakina na haƙa rami, kuma ɗiyata ce a ciki.

Ni malamin firamare ne a wani gari kusa da Sheme, ba zan faɗi sunansa ba. Watan jiya wasu likitoci biyu suka iso da Landiroba daga babban asibitin wata jami'a, Baturiya ɗaya da wani mutumin Kudu, wai suna binciken lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa. Kin san zamanin da muke ciki. Tun da kuɗin man fetur suka shigo ba abin da ba a aiko a duba ba. An ƙirga jakunanmu, an auna rijiyoyinmu, yanzu an iso kan hankalin 'ya'yanmu. Cikin su biyun ba mai Hausar da ta wuce sannu, sai aka ce ni ne tafinta, tunda Turancina ya ɗan wuce na bayan kwalin ashana.

Takardarsu tambaya arba'in ce, kuma wanda ya tsara ta bai taɓa shan furar ƙasar nan ba. Wai yaro yana kallon idon babba in ana mashi magana? Yana da ɗakin kwana nashi shi kaɗai? Uwarsa tana kiran sunansa tana rungumarsa? Da aka tambayi Mairo matar mahauci sunan ɗanta na fari, ta ja mayafi ta rufe fuska, Baturiya ta yi ta rubutu har ta juya shafi. Wanda ya fi burge su Bilya ne, yaron da ya ishi gari da fitsara. Ya ƙura masu ido, ya ce a ba shi biron, suka yi ta gyaɗa kai.

Tun kafin a fara dagaci ya ja mani kunne, kada in bari a rubuta garinsa garin masu taɓin hankali, maƙwabtanmu mutanen Tafoki su sami abin dariya ranar kasuwa. Don haka ranar farko duk abin da yaro ya faɗa, in ya biyo ta bakina garau yake fitowa. Washegari wani direba ya zo da labari wai garin da ya fi yawan marasa lafiya za a gina mashi asibiti mai bene, har da wutar lantarki. Dagaci ya sake kirana, ya ce yanzu marasa lafiya ake nema. Iyayen da jiya suka rantse 'ya'yansu ƙalau suke, yau suka dawo suna jera firgita da mugun mafarki, ni kuwa ina ƙara gishiri.

A ranar ce layi ya zo kan ɗiyata. Ita ce ta fari, shekarunta sha huɗu, tana aji shida. Tun yaye mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa Mabai, a hannunta ta tashi. Bara da damina tsohuwar ta rasu, aka dawo mana da yarinyar. Mu a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce: ba na kiran sunanta, uwarta ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ko aike ne sai a faɗa wa ƙanenta ya faɗa mata. Na ga tana ramewa, na ce da kaina tsawo take yi.

Likitan nan mutumin Kudu ya tambaya ko tana barci. Na juya mata tambayar da Hausa ina kallon bango, ta ce kaɗan. Abinci fa? Ta ce kaji take zuba wa don kada a ga saura. Ko akwai wanda take faɗa wa damuwarta? Ta ce akwai, amma ta mutu. Da aka zo kan ko ta taɓa jin ta gaji da rayuwa, sai ta ce a hankali kullum tana roƙon Allah ya kai ta inda ya kai kakarta.

Gwaggo, ban taɓa jin magana mai tsawon wannan daga bakin ɗiyata ba. Ga ɗan aiken dagaci a bakin taga, ga abokan aikina a baranda, na tuna abin da za a ce da gidanmu. Sai na ce da Turanci tana barci lafiya lau, tana ci, tana da ƙawaye. Likitan ya miƙo mani hannu, ya ce cikin yara talatin na ranar ita kaɗai ce lafiyayya. Sun sa ta cikin waɗanda za a riƙa gwada sauran da su. Wato yau ɗiyata ce mudun awon lafiya a garinmu.

Za su dawo bayan sati biyu. In na faɗi gaskiya aikinsu ya rushe, dagaci ya sa ni gaba, wataƙila a cilla ni wata makaranta can bayan Sabuwa. Wa ya sani ma ko su tafi da ita inda ake ɗaure mutane? In na yi shiru kuma tana nan tana ƙarewa a gabana. Uwarta ta sa an yi mata rubutu, tana sha. Tsoro nake ji, kuma kunyar kaina ta hana ni sakat.

Naki,
Tafinta, daga ƙasar Faskari

Malam Tafinta, na yi ta dariya har tsakiyar wasiƙarka, daga nan dariyar ta tsaya.

Bari in ba kowa kasonsa. Likitocinka sun ɗinko riga a ƙasarsu sun zo neman wanda za ta yi wa daidai. Binciken da ya yaba wa Bilya ya zargi Mairo, shi ma yana bukatar a bincike shi. Dagacinku mai son cutar da ke zuwa da lantarki kuwa, Allah ya shirye shi. Amma cikin tambayoyi arba'in ɗin nan, huɗu sun yi abin da gidanka ya kasa yi a shekara guda: sun tambayi yarinyar, ta kuma amsa. A nan ba takardar ce ta yi ƙarya ba.

Ba na raina kunyar ɗan fari, ni ma da ita aka rene ni. Sai dai waɗanda suka kafa ta ba su bar yaro a fili ba. Da suka ɗaure bakin uwa da uba, sun buɗe na kaka da gwaggo. Ku kun riƙe hanin, kun manta da madadin.

Yau ɗin nan ka aika a kira wata gwaggonta da take sakin jiki da ita, ta zo ta zauna, su ci a kwano ɗaya, su kwana ɗaki ɗaya, kada a riƙa barin ta ita kaɗai. Yaron da ya ce ya gaji da duniya ba a ce masa yarinta ce. Kada ka jira sati biyu. Ka rubuta wa likitan da Turancin nan naka, ka faɗi abin da ta ce yadda ta ce shi, ka ba motar da ke shiga birni. Abin da ka kwatanta likitoci sun san shi, baƙin ciki ne da ya zama ciwo, kuma ana warkewa. Ba kowa ake kwantarwa ba, kai kuma ubanta ne, kana da bakin tambaya kafin a yi mata komai. Rubutun a ci gaba da sha, addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Sauran takardun ma ka faɗa masu gaskiya, su nemo tafinta wanda ba ɗan gari ba, mace in da hali. Za su ji haushi, amma gara haushin yau da littafin ƙarya da za a riƙa yi wa 'ya'yan wasu magani da shi gobe. In an cilla ka bayan Sabuwa, can ma akwai allo da alli.

Saura kai. Kada ka ruɗi kanka cewa da tafinta take magana. Ba ta kasa gane muryar ubanta don ya kalli bango, kuma 'yar aji shida ta san yadda ake cewa lafiya lau da Turanci, ta ji abin da ka mayar da maganarta. Ba sai ka kira sunanta ba. Ka je ka zauna kusa da inda take, ka gaya mata ka ji abin da ta faɗa, kuma kai ma kana kewar tsohuwar, tunda uwarka ce.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciya, ya jiƙan kakarta.

Gwaggo Suwaibatu