Zogalen Zouera

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024
Ruwan masai ya sake dawowa tsakar gida. Na dawo daga tuƙi a gajiye na tarar da wari har bakin ƙofa. Gidan haya a unguwar Utaiqa, nan ƙasar Larabawa, tsufa ya gama cin sa. Na kira mai gidan, Abu Salih, ya ce "bukra", wato gobe. Kullum bukra.

Talata, 8 ga Oktoba
Mustapha mai gyaran famfo ya zura kyamara cikin bututun masai. Saiwoyi ne cunkus. Ya ɗaga kai ya dubi zogalen da matata Zouera ta shuka kafin ta koma Damagaram, shekara uku ke nan. Ni ban ma damu da cin zogale ba. Sau nawa na ce mata ganyensa shara kawai yake tara mini?

Alhamis, 10 ga Oktoba
Mutumin inshora ya zo toshe da hanci. Wai da tsufa ne ya fasa bututun, da sun biya. Amma bishiyar da ɗan haya ya shuka da hannunsa, babu ruwansu. Mustapha ya ce ko a tone tsakar gidan a sa sabon bututu, ko a zura wani a cikin tsohon ba tare da tono ba. Kowanne aka zaɓa, sai an sare zogalen. Abu Salih ya ce zai yi gyaran, amma ko bishiyar ta tafi ko ni. "Khalas, ya Buraima," wato magana ta ƙare.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Zouera ta kira. Ko gaisuwa ba mu gama ba: "Maigida, ina zogalena? Ya yi fure?" Na ce lafiya lau yake.

Litinin, 14 ga Oktoba
Ban bari Mustapha ya taɓa shi ba, ni na sare da kaina. Itace marar ƙwari, sara huɗu ya faɗi. Tsakar gidan ya yi fili, rana ko'ina. Na gaji.

Asabar, 19 ga Oktoba
An gama gyara, wari ya tafi. Reshe ɗaya na dasa a tsohon bokitin fenti, don kawai kada a zubar. Ruwan alwalata nake zuba masa. Yau na ga ɗan tsiro kamar ƙwayar gero, na tsuguna ina kallo har na makara aiki. Na kira ta na faɗa mata gaskiya, har da zancen tsiron. Ta ce, "Ashe kai ma kana duba shi."