Minti Goma a Bayan Raga

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da kekunan ɗinkin da kake gyara wa mutane. Takarda na rubuto don in na kira ka a waya, "me kika ce?" kaɗai nake samu.

Kawu, aiki ya cije mini. An ba mu wani tsohon fim mu fassara mu ɗora masa murya, labarin baƙon da aka ɗaure a ƙasar da ko gaisuwarsu ba ya ji. Komai ya tafi daidai sai wurin da yayarsa ta zo masa ziyara. Ni ce muryar yayar. Sau tara ina kuka a gaban makirfo har da majina, darakta yana girgiza kai, wai bai ji a jikinsa ba.

Na san a gidanmu ba a tayar da zancen shekara shidan da ka yi a gidan yari a waje. Amma kai kaɗai na sani da ya taɓa tsayawa a bayan ragar nan. Me ake faɗa a irin wannan ziyarar? In na yi rashin kunya, ka yafe mini.

'Yarka,
Aku

*

Aku sarkin surutu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ƙafar ce dai take tuna mini da shekaru. Ashe bakin nan da na sa miki suna saboda shi, har abinci yake ba ki yanzu. Madalla.

Babu rashin kunya. Ni zancen ba ya mini ciwo kamar yadda kuke zato. Jakar wani na riƙe masa a tashar jirgi, ashe kayan laifi ne a ciki, wautata ce, na kuma sha hukuncinta. A can na koyi gyaran keke, wurin wani tsoho mai haƙori biyu da ke kula da ɗakin ɗinkin fursunoni. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, in na ɗaure noti ba daidai ba sai ya ƙwale ni da sukundireba a bayan hannu. Sana'ar da nake ci da ita ke nan har yau, alhamdu lillahi.

Ziyara kuwa sau ɗaya aka taɓa yi mini. Uwarki ce. Kwana uku ta yi a hanya, aka ba mu minti goma, raga biyu a tsakaninmu, ganduroba yana kai da komo. Na kwana ina shirya abin da zan faɗa mata. Ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta hau ni da faɗa. Wai dubi gemuna kamar na bunsuru, wai maɓallin rigata ɗaya ya fita, wai tun ina yaro ni ƙazami ne. Haka ta yi ta yi, ko numfashi ba ta ja, har aka buga ƙarfe. Ta juya ta tafi, idonta a bushe.

To ga amsarki, ba kowa ke kuka ba. Ni dai a ranar na gane na zubar wa Yaya da mutunci, kunyata take ji. Shekara talatin ke nan muna gaisawa lafiya, muna haɗuwa a suna da biki, amma ban taɓa iya zama a ɗakinta na miƙe ƙafa ba. Abin nan ɗaya shi ne bai warke ba. Sauran duk na manta.

Ki gaishe ta, amma kada ki nuna mata wannan.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Albishirinka! Na share hawayena na shiga na yi wa ɗan fim ɗin nan tatas a kan gemu da maɓalli. Darakta ya tashi tsaye, ya ce a bar shi haka, kada a taɓa. Mai haɗa sauti ma sai da ya fita shan iska.

Sai dai na yi ɓarna. Na bar takardarka a kan firji, na dawo na tarar da Umma zaune da tabarau a hanci tana karantawa. Wallahi ba da gangan ba ne. Ranar har ta bar shinkafa ta kama a tukunya, ita da ba ta taɓa ƙona girki ba. Da safe ta ce in ba ta biro. Ga tata nan a cikin ambulan ɗin, ban buɗe ba.

Mai neman afuwa,
Aku

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Ashe har yau ba ka yi hankali ba.

Kafin a shigar da mu, an tara mu a wani ɗaki mai benci, tafinta ya gaya mana doka: duk wadda ta yi kuka za a fitar da ita nan take, ziyara ta ƙare. A gabana aka janye wata tsohuwa, ko minti ɗaya ba ta yi da ɗanta ba. Da na hango ka, ka rame, wuyanka kamar muciya, na san in na yi shiru na daƙiƙa ɗaya shi ke nan. Sai na kama abin da idona ya fara gani. Kwana uku na yi a hanya, Auta, ba zan yarda a rage mini ko minti ɗaya ba. Goma aka ba ni, goma na gan ka.

Kukan a bakin titi na yi shi, har wata mai shara ta ba ni ruwa. Ban taɓa jin kunyarka ba. Na ɗauka kai ne ba ka son ganin wadda ta gan ka a haka, shi ya sa na ƙyale ka.

Allah ya shirye ka.

Yayarka

*

Yaya,

Na karanta sau uku, na rufe shago tun kafin azahar. Ina nan tafe ranar Asabar a motar farko, kuma kwana zan yi. A gidanki babu ganduroba, kowa ya yi kukansa.

Ƙaninki,
Auta