Rijiyar da Kuka Haƙa wa Baba

Unguwar Jalo, Garo,
6 ga Agusta, 2001.

Zuwa ga maigida, Malam Haladu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana nan lafiya. Ya aiki, ya zaman Fatakwal, ya haƙuri da mu? Wasiƙarka ta iso ta hannun direban motar albasa. Sai da na fita tsakar gida na karkata takardar kafin in gane abin da ka rubuta. Shekara tara da aure, har yau rubutunka kamar tururuwa ta faɗa tawada.

Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai. Na yaye Kamila sati uku da suka wuce. Ta yi rigimarta ta kwana biyu ta haƙura, yanzu kunu take sha, ta kuma koyi riƙe moɗa da kanta.

Makarantarmu ta Islamiyya ta cika maƙil. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a bara, gidan da bai taɓa turo 'ya mace ba ya turo. Ka tuna na dame ka da cewa bai dace 'yan mata su riƙa zagayawa bayan dawa ba? To, masan da na matsa a haƙa an gama shi tun farkon ruwa. Ni na zaɓi wurin, a tudun nan na bayan katanga, kusa da rijiya don yara su sami ruwan tsarki ba wahala. Ka yaba mini ko kada ka yaba, na yaba wa kaina.

Rijiyar da kai da yayyenka kuka haƙa sadaka ga marigayi Baba ta kawo ruwa har guga ba ya cin rabin igiya. Duk unguwa an bar tafki an dawo nan, kowa ya ja sai ya yi masa addu'a.

Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa ba mai daɗi ba ne. Bashari, ɗan maƙwabciyarmu Uwaliya, ya rasu ranar Juma'a. Yaron da ranar Talata na kore shi daga kan shanyar kuka yana ta dariya. Gudawa da amai, kwana uku. Na shiga gaisuwa, ban taɓa ganin yaro ya zube haka ba, idanu sun faɗa, fata in ka ja ba ta komawa. An yi irin wannan rashi a gidaje biyu can gabas da masallaci.

Kamila ma cikinta ya ɓaci tun shekaranjiya. Gwaggo ta ce haƙori ne da ɗacin yaye, ta jiƙa mata ganyen gwaba. Ban yi gardama ba, ka san gwaggonka, amma ina haɗa mata ruwan gishiri da sukari yadda ake faɗa a rediyo, ruwa cikin kwalbar lemo biyu, ban taɓa kuskure awo ba. Sukari ya yi tsada har na daina sa wa kaina a koko. Kada hankalinka ya tashi, ka dai sa ta a addu'a.

Gwaggo tana gaishe ka. Ka gai da mutanen masaukinku.

Taka,
Ladidi.

Unguwar Jalo,
18 ga Agusta, 2001.

Maigida,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kana lafiya, ya ƙoƙari? Ban jira amsar waccan ba, don ban san ma ko ta same ka ba.

Jikin Kamila ya yi tsanani bayan na rubuto maka. Mota ba ta shigowa saboda wahalar mai, sai a kan babur muka kai ta asibiti a Kabo, aka yi mata ƙarin ruwa. Malam, kwana biyu yarinyar nan ta miƙe, har tana ƙwace mini tsinken tsire. Muka dawo gida ina ta hamdala. Kwana uku da dawowarmu abin ya dawo sabo. Na zauna ina ta tunani, me ke gidan nan da babu shi a asibiti? Na wanke randa, na sake moɗa, na hana ta cin ƙasa, na hana ta wasa da kaji.

Yara biyar ke nan aka binne a unguwar nan cikin wata guda, ba wanda ya kai shekara huɗu. Manya ma cikinsu na murɗawa, amma su suna tashi. Mutane sun fara zancen iska da maita, har an fara kauce wa wata tsohuwa a hanya.

Ranar Alhamis wani duba-gari ya zo, dattijo, Malam Hammadu, da tsohon kekensa. Ya zaga gidaje yana leƙa randuna. Da ya zo makaranta ya tsaya a bakin masai, ya taka zuwa rijiya yana ƙirga sawu da ƙarfi. Goma sha biyu. Ya tambayi wa ya zaɓi wurin nan, na ce ni ce, ina kallon idonsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce masai na sama, rijiya na ƙasa, ƙasar wurin rairayi ce, ga damina ta cika ta da ruwa, yana tsoron abin da ke can yana gangarowa nan.

Ban san lokacin da raina ya ɓaci ba. Na ɗebo ruwan a kofin gilashi na ɗaga masa a rana, garau kamar hawaye. Na ce rijiyar nan da kankare aka ɗaure bakinta, tana da murfi, sadaka ce ga malamin da ya karantar da rabin garin nan. Gwaggo ta ɗora da cewa da ruwan nan ake wanke allo a sha, wanda ya ce najasa ce a ciki ya nemi gafarar Allah. Dattawan masallaci ma suka ce ya iya bakinsa.

Sai ya ce a ba shi kwalbar kananzir ɗaya, ya zuba a masai, in bai fito a rijiya ba zai zo har gida ya ba mu haƙuri. Ba wanda ya kawo, ka san yadda kananzir ya zama. Ni na shiga ɗaki na juye na fitilata da na risho na miƙa masa, ba don na yarda ba, don in ga ya sunkuyar da kai. Ya zuba, ya bi shi da bokiti shida na ruwa. Da zai hau kekensa ya ce mini, "Malama, kafin nan dai ki riƙa tafasa wa yarinya."

Yau kwana biyu, na sansana guga safe da yamma, ba komai. Ina jiran haƙurinsa.

Kamila tana kwance a gefena, ba ta son kunu, ruwan gishirin kawai take karɓa. In ba sauƙi zan mayar da ita Kabo. Gwaggo tana gaisuwa.

Matarka,
Ladidi.

Unguwar Jalo,
23 ga Agusta, 2001.

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ina kuma roƙonka ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi Kamila ranar Litinin da hantsi. Na goya ta mun fita bakin hanya muna jiran mai babur, na ji ta yi nauyi a bayana. Da na sauko da ita shi ke nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta da ruwan da za ta yi kukan da shi.

Na so in tsaya a nan, amma akwai saura, kuma gara ka ji daga hannuna.

Da aka dawo da ita gida, Gwaggo ta ce a jawo sabon ruwa a yi mata wanka. Uwaliya ce ta ɗauki guga, ita da ba ta gama karɓar gaisuwar nata ɗan ba. Ta kawo ta juye a baho. Gwaggo ta sa hannu, sai ta tsaya. Ta ɗago hannun ta kai hanci. Ina zaune a bakin ƙofa, daga nan na ji warin kananzir. Na taso na leƙa, ga maiƙo yana yawo a saman ruwan.

Uwaliya ta dubi bahon, ta dube ni, ta zauna a ƙasa. Sai da aka aika har Gammo aka samo jarka biyu ta ruwan famfo kafin aka yi wa 'yarka wanka, shi ya sa ba a kai ta ba sai bayan la'asar.

Malam, sau ɗaya na tafasa ruwan nan. Itace a jiƙe yake, kananzir ɗin na ba da shi, kuma gaskiyar magana ban ga dalili ba, don na riga na yanke cewa dattijon nan ƙarya yake yi. Kwana goma sha bakwai ina auna gishiri da sukari daidai, ina zuba su a ruwan nan, ina tashinta tana kau da kai ina lallashinta ta sha. Kullum da safe ni nake cika randar makaranta. Ni na ce wa Uwaliya ta daina ɗebo na tafki. Har yanzu in na dubi hannuwana sai in ga kamar na wata ne.

Mutane suna ta cewa kwana ne ya ƙare, na sani, ban musa wa Allah ba. Malam Hammadu ya zo gaisuwa jiya, ya yi addu'a ya tashi, bai ce mini komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban jira izininka ba, ban jira na yayyenka ba. Washegarin jana'iza na cire ƙyauren ɗakina, ni da Gwaggo muka kife shi a bakin rijiyar, muka ɗora duwatsu, na yanke igiyar guga. Wasu dattawa sun ce ba a rufe sadakar mamaci, a jira ku dawo. Gwaggo ta fito ta ce musu ɗan'uwanta ne, ita ta san abin da zai so. Akwai yara huɗu a kwance a unguwar nan yanzu, ina bi gida gida ina hura musu wuta ina tafasa musu ruwa da kaina. Wasu suna buɗe mini ƙofa, wasu ba sa buɗewa.

Ka zo gida. In ka zo kada ka ce mini ba laifina ba ne, kowa ya faɗa, ba ya shiga. Ka zo dai ka zauna kusa da ni.

Ka yafe mini. Allah ya sa mai ceto ce.

Ni ce,
Ladidi.